Tambayoyinku da Amsoshinmu: Na Yi Ritaya, Yini Ya Yi Mini Tsawo

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan wata, dukkansu daga mutanen da suka ajiye aiki, kuma dukkansu a kan aikin sa kai a ƙungiyoyin agaji. Mun ba ta farko fili fiye da sauran, saboda tambayar da ke cikinta ita ce ta fi yawan zuwa mana.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na yi shekara 35 ina aikin akanta, na kai matsayin shugaban sashe kafin in yi ritaya watanni 16 da suka wuce. Alhamdu lillahi, fansho yana rufa mini asiri, 'ya'yana sun kama gabansu, kuma lafiyata ƙalau in ban da hawan jini da nake shan maganinsa. Watannin farko na ji daɗinsu ƙwarai, domin na yi barcin da na daɗe ban yi ba, na kuma ziyarci 'yan uwan da na yi shekaru ban leƙa ba. Amma yanzu sai in tashi da asuba kamar yadda na saba, in gari ya waye in rasa dalilin da zai sa in sa kaya. Wayar da a da ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba, yanzu sai ta yini shiru. Uwargida ta fara cewa na cika faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma na san gaskiya ta faɗa. Babbar 'yata ta ba ni shawara in shiga aikin sa kai a wata ƙungiyar agaji, ni kuwa abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, ban ga yadda mutumin da ya yi shekaru ana biyansa saboda iliminsa zai koma yin aiki kyauta ba. Na biyu, ranar da na leƙa ofishinsu, wadda ta karɓe ni yarinya ce sa'ar autata, ta miƙo mini fom ta ce in cika. Shin da gaske wannan aiki yana maganin abin da ke damuna, ko kuwa dabara ce kawai ta fitar da tsoho daga gida?
Daga wani Alhaji, tsohon akanta

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa zuri'a albarka. Ko da a ce dabarar fitar da tsoho daga gida ce, to 'yarka ta yi dabara mai kyau, domin halin da ka kwatanta sananne ne, kuma an daɗe da gano inda yake fitowa.

A farkon shekarun 1930, wasu masana halayyar al'umma uku, Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, sun yi nazarin wani ƙauye mai suna Marienthal a ƙasar Ostiriya, bayan masaƙar da kusan kowane gida ke ci daga gare ta ta rufe, suka buga abin da suka gano a 1933. Kowa zai yi zaton mutanen da suka samu lokaci mai yawa haka za su ƙara karatu da shiga harkokin jama'a, amma akasin haka aka gani. Aron littattafai a ɗakin karatu na garin ya ragu da kusan rabi, duk da an daina karɓar kuɗin aro. Maza suka koma tafiya a hankali a kan titi, suna tsayawa ba gaira ba dalili, kuma idan aka ce su rubuta yadda suka yi yininsu sai a tarar da sa'o'i da yawa da ba su iya cewa ga abin da suka yi a cikinsu ba. Matan garin ba su faɗa wannan hali sosai ba, saboda hidimar gida da ta yara ta ci gaba da yanka musu yini gida-gida. Daga baya Jahoda ta yi bayanin cewa albashi shi ne amfanin aiki da ido ke gani, amma akwai wasu guda biyar da ba a lura da su sai an rasa su: aiki yana tsara wa mutum lokacinsa, yana haɗa shi da mutanen da ba iyalinsa ba, yana sa shi cikin wata manufa da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, yana ba shi matsayin da ake saninsa da shi, sannan yana tilasta masa motsi ko yana so ko ba ya so.

Mutanen Marienthal sun haɗa da talauci, kai kuwa Allah ya rufa maka asiri, don haka ba na cewa halinku ɗaya. Sai dai ka lura cewa fansho albashi kawai ya maye, sauran biyar ɗin kuwa ranar liyafar ban kwana aka karɓe su tare da makullin ofis. Wayar da ta yi shiru ita ce ta biyu, rasa dalilin sa kaya shi ne na farko, faɗan da uwargida ke kuka da shi kuwa ina zargin na huɗu ne, domin wanda ya saba a kawo masa takarda ya duba ya gyara, idan ya rasa takarda sai ya koma duba mutanen gida. Wani masanin harkar tsufa na Amurka, Robert Atchley, ya rubuta tun a shekarun 1970 cewa yawancin masu ritaya sukan fara da wani lokaci mai kama da amarci, sannan gundura da karayar zuciya su biyo baya, kafin mutum ya sake tsara rayuwarsa. Kai ka ci amarcinka, yanzu kana mataki na biyu, kuma babu abin kunya a ciki. Ka tuna ma cewa doguwar ritaya sabon abu ce a duniya. Lokacin da shugaban gwamnatin Jamus, Bismarck, ya kafa fanshon tsufa a ƙasar a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake fara karɓa, kuma kaɗan ne suke daɗewa suna ci. A yau wanda ya kai 60, idan aka ɗauki matsakaicin lissafi na duniya, yana da kimanin shekara 20 a gabansa in Allah ya so, kuma shekara 20 sun wuce a kira su hutu.

Game da ko aikin sa kai yana magani, ga abin da bincike ya nuna. A 2013, Morris Okun na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa sun tattara bincike 14 da aka yi a kan mutane masu shekara 55 zuwa sama, suka samu cewa haɗarin mutuwa a tsawon lokacin da aka bi su ya yi ƙasa da kashi 24 cikin ɗari a wurin masu aikin sa kai, bayan an cire tasirin abubuwa kamar shekaru da yanayin lafiya. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Harvard suka bi kusan mutum 13,000 da suka haura shekara 50, suka ga waɗanda ke ba da sa'o'i 100 ko fiye a shekara, wato kimanin sa'a biyu a mako, sun fi sauran motsa jiki da kyakkyawan fata, kuma kaɗaici da baƙin ciki sun fi sauƙi a wurinsu. A matsayinka na akanta za ka yi saurin cewa ai mai lafiya ne yake iya fita aikin sa kai tun farko, don haka wataƙila lafiyar ce ta kawo aikin. Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma shi ya sa na fi ba wani gwaji da aka yi a birnin Baltimore muhimmanci. A can, masana daga Jami'ar Johns Hopkins sun raba dattawa masu shekara 60 zuwa sama gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka tura kashi ɗaya makarantun firamare a ƙarƙashin shirin Experience Corps suna taya ƙananan yara koyon karatu sa'o'i 15 a mako, ɗaya kashin kuma aka bar su. Bayan shekara biyu, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sashen da ke riƙe tunawa, wanda yakan ragu da tsufa, bai ragu ba a wurin mazan da suka yi aikin makarantar. Ka lura da irin aikin: akwai ranar zuwa, akwai lokacin zuwa, akwai abokan aiki, akwai kuma yaron da zai tambaya ina Baba yake idan bai gan shi ba.

Akwai kuma wani sakamako da nake so ka riƙe, domin ya taɓa tambayarka kai tsaye. Sara Konrath da abokan aikinta sun duba bayanan wani dogon bincike na jihar Wisconsin, suka wallafa a 2012 cewa waɗanda suka ce suna aikin sa kai ne don amfanin kansu, kamar su guje wa damuwarsu ko su ji suna da daraja, ba su bambanta da waɗanda ba sa yi ba ta fuskar tsawon rai, ribar ta tafi ne ga waɗanda suka ce damuwa da wasu ce ta kai su. Mu da muka taso da sanin cewa ayyuka suna tare da niyya ba za mu yi mamaki ba. Ban ce ka jira sai zuciyarka ta tsarkaka kafin ka fita ba, domin da yawa gundura ce ke kai su, daga baya fuskokin mutane su riƙe su. Ina cewa ne idan ka tafi kamar mai zuwa karɓar magani, kana auna kanka kowane mako ko ka samu sauƙi, to hankalinka yana nan a kanka, alhali ciwon naka shi ne yawan zama da kai.

Sai batun yarinya da fom, wanda nake ganin shi ne ainihin abin da ya hana ka komawa, maganar aikin kyauta rakiya kawai ta yi. Jimmy Carter ya bar fadar shugaban Amurka a watan Janairun 1981 yana da shekara 56, bayan ya sha kaye a zaɓe. Daga 1984 shi da matarsa Rosalynn suka riƙa ba ƙungiyar Habitat for Humanity mako guda a kowace shekara suna aikin kafinta a gidajen da ake gina wa marasa ƙarfi, kuma a 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki a goshi, amma ya je wurin ginin a birnin Nashville da tabon faɗuwar a idonsa ya ɗauki kayan aiki. Cibiyar da ya kafa a 1982 ta shiga yaƙi da ciwon kurkunu a 1986, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa a shekara a ƙasashe 21, kuma a 2023 mutum 14 kacal aka samu a duk duniya. A wannan yaƙi tsofaffin shugabannin ƙasa irin su Janar Yakubu Gowon da Amadou Toumani Touré na Mali sun riƙa shiga ƙauyuka suna magana a kan tace ruwan sha. Na san kwatanta kai da shugabannin ƙasa akwai rashin adalci, tunda su suna da suna da ƙofofin da ke buɗe musu. Abin da nake so ka ɗauka kawai shi ne, a wurin gini akwai mai kula da aiki, kuma kusan kullum sa'an ɗan Carter ne ko jikansa, shi ne zai nuna masa katakon da zai buga.

Fom ɗin kuma, Alhaji, kai da ka yi shekara 35 kana ƙin fitar da kuɗi sai da takarda, bai kamata ya ɓata maka rai ba. Ƙungiyar da ke hulɗa da marayu da marasa lafiya da kuɗin jama'a, idan ta karɓi baƙo saboda furfurarsa da kyan rigarsa ba tare da ta tambayi ko shi wane ne ba, ita ce ya kamata ka guda. Da a ce yarinyar ta miƙe ta ba ka kujerar shugaba, da a nan ne zan ce ka yi hattara. Ƙungiyoyi da yawa suna son tsohon babban ma'aikaci a matsayin uban ƙungiya, su sa sunansa a saman takardarsu, su gayyace shi taron shekara, su zaunar da shi a babban tebur, kuma ma'anar wannan yawanci ita ce gudummawa ake jira daga aljihunsa. Wannan muƙami zai ba ka girma na yini ɗaya a shekara, ya bar ka da sauran kwana 364 kamar yadda kake yanzu.

Shawarata ita ce ka ba da abin da ka iya. Ƙananan ƙungiyoyin agaji sun fi mutuwa ta wajen lissafi fiye da ta wajen rashin niyya, saboda masu kafa su mutane ne masu tausayi da ba su san yadda ake ajiye rasit ba, sai mai ba da tallafi ya nemi rahoton kuɗi su kasa kawowa, ko kuma zargi ya shiga tsakaninsu su watse. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wasu ƙasashe sun mayar da wannan tsari: Amurka tana da SCORE tun 1964, inda tsofaffin manajoji ke ba masu ƙananan sana'o'i shawara kyauta, Holan tana da PUM tun 1978, Jamus kuma tana da Senior Experten Service a birnin Bon tun 1983, suna tura ƙwararrun da suka yi ritaya zuwa ƙasashe daban-daban. Amma kada ka yarda a riƙa aiko maka da takardun gida ka yi kai kaɗai a ɗaki, domin hakan zai amfani ƙungiyar ya bar ka cikin kaɗaicinka. Ka ce za ka riƙa zuwa ofishinsu safiya biyu a mako a ranakun da aka tsayar, kuma a haɗa ka da matashi ɗaya ko biyu da za ka koya wa aikin. Ka yi musu alkawarin wata uku kawai da farko. Idan wa'adin ya cika, ka tambayi kanka ko akwai ranar da ka makara wani ya kira ya ji lafiya, ko aiki ya tsaya yana jiranka. Idan akwai, ka zauna. Idan kuwa zuwanka da rashin zuwanka duk ɗaya ne a wurinsu, ka yi musu sallama cikin mutunci ka nemi wani wuri. Game da kyauta kuma, wanda ba a biya yana da 'yancin da ma'aikaci bai taɓa samu ba, wato ya zaɓi wanda zai yi wa aiki, ya kuma faɗi gaskiya ba ya tsoron a hana shi ƙarin girma.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce da na yi ritaya shekara uku da suka wuce, yanzu ina da shekara 63. Na shiga wata ƙungiya da ke kula da marasa lafiya marasa galihu da niyyar zuwa kwana biyu a mako, amma da suka ga na san aikin sai komai ya dawo kaina. Yanzu kwana shida nake zuwa, ana kirana da tsakar dare, kuma sau da yawa da kuɗin fanshona nake sayen magani idan na ga mara lafiya ba shi da hali. Gwiwoyina sun fara ciwo, jikokina sun daina ganina. Duk lokacin da na yi niyyar ragewa sai in ji kamar na ci amanar marasa lafiyan. Ina mafita?
Daga wata Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ba ki lafiyar gwiwa. Abin da kike yi yanzu ya tashi daga aikin sa kai, ya zama cikakken aikin ma'aikaciya da aka cire masa albashi da hutu da ranar sauka, kuma ko lokacin da kike bakin aiki akwai wanda yake karɓarki idan lokacinki ya cika. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, wanda Tim Windsor da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 a kan mutane 'yan shekara 60 da ɗoriya, ya nuna cewa jin daɗin rai yana ƙaruwa da aikin sa kai har zuwa wani mizani, amma waɗanda suka wuce sa'o'i 800 a shekara, wato kimanin sa'o'i 15 a mako, sai abin ya juya ya fara raguwa. Ke kin ninka wannan, kuma jikinki ya riga ya faɗa miki.

Jin cewa kin ci amana shi ne igiyar da ta ɗaure ki, don haka bari mu duba shi da idon basira. Ƙungiyar da duk aikin jinyarta ya rataya a wuyan mace ɗaya mai shekara 63 tana cikin haɗari, kuma marasa lafiyan ne za su fi kowa shan wahala ranar da gwiwar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Muddin kina toshe kowace ɓaraka da jikinki da aljihunki, shugabannin ƙungiyar ba za su ga dalilin neman wata ma'aikaciya ko neman kuɗin magani ba, ba lallai don mugunta ba, sai don ba su taɓa ganin ɓarakar ba. Hadisi ya inganta cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma kwana biyu a mako na shekara goma sun fi kwana shida na shekara ɗaya amfani ga kowa.

Akwai darasi a shirin Friendship Bench na ƙasar Zimbabuwe, wanda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara a birnin Harare, inda aka horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu fama da damuwa suna taya su warware matsalolinsu. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Abin da ya sa na kawo shi shi ne iyakokin da aka gindaya: zama shida aka tsara wa kowane mai zuwa, akwai masu sa ido a kan dattawan, kuma idan matsala ta fi ƙarfinsu akwai wanda za su miƙa wa. Ba a bar tausayinsu shi kaɗai ya ɗauki nauyin ba.

Ki nemi zama da shugabannin, ki sanar da su a rubuce cewa nan da wata biyu za ki koma kwana biyun da kika yi alkawari tun farko, kuma a cikin wata biyun nan ki horar da mutum uku ko huɗu a kan abin da ba ya buƙatar takardar shaidar jinya, kamar wanke ciwo mai sauƙi, da juya mara lafiyan da ke kwance, da gane alamar da ke nuna a garzaya asibiti. Kiran dare a raba shi tsakanin mutane bisa jadawali. Kuɗin magani kuma ki yanke abin da za ki iya bayarwa a wata ba tare da kin taɓa na maganinki da na gidanki ba, ki sa shi a asusun ƙungiyar a ba ki rasit, idan ya ƙare ya ƙare. Za su yi ƙorafi a makonnin farko, wataƙila har wani ya ce Hajiya ta canza, kada wannan ya mayar da ke.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni direba ne, na yi shekara 30 ina tuƙa motar ma'aikata, karatuna bai wuce firamare ba, fanshona kuma da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata. Ina jin ana maganar aikin sa kai bayan ritaya, sai nake ganin kamar harkar manya ce masu digiri da kuɗi. Zaman gidan ya ishe ni, amma me irina zai bayar?
Daga wani Malam, tsohon direba

AMSA: Malam, muna amsawa, Allah ya ƙara buɗi. Kafin komai, idan fansho ba ya isa kuma akwai sauran ƙarfi, neman aikin da za a biya ka shi ne a gaba, kuma babu wanda zai zarge ka, domin ba a so gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa. Abin da ya rage na lokacinka shi muke magana a kai.

Zaton cewa harkar masu digiri ce ya samo asali ne daga waɗanda ake ɗauka a hoto. Rahoton da hukumar masu aikin sa kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na aikin sa kai a duniya ba ta hannun wata ƙungiya ake yin sa ba, mutum ne yake taimakon mutum kai tsaye. Kuma ɗaya daga cikin masu aikin sa kai da suka fi suna a Japan, Haruo Obata, mai sayar da kifi ne wanda karatunsa bai yi nisa ba. Ya rufe shagonsa yana da shekara 65, ya koma bin wuraren da bala'i ya afka wa a cikin 'yar ƙaramar motarsa, yana kwana a cikinta, yana tafiya da guzurinsa don kada ya zama nauyi ga waɗanda ya je taimako, kuma ba ya karɓar ladan komai. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011 ya yi ɗaruruwan kwanaki yana tono hotuna da kayan tunawa na mutane daga cikin ɓaraguzai. A watan Agustan 2018, yana da shekara 78, ya je wani tsibiri a lardin Yamaguchi inda yaro ɗan shekara biyu ya ɓace kwana uku 'yan sanda da masu ceto suna nema, ya gano shi da rai cikin kusan rabin sa'a, saboda wani neman da ya taɓa shiga a baya ya koya masa cewa ƙaramin yaro ya fi son hawa tudu a kan gangarawa.

Kai kuma kana da shekara 30 na sanin hanya, da sanin ƙarar injin da ke shirin ba da matsala, da haƙurin jiran mutane, kuma waɗannan su ne abubuwan da ƙungiyoyin agaji ke nema ruwa a jallo. Akwai masu wankin ƙoda da sukan je asibiti sau biyu ko uku a mako, da tsofaffin da ba su da mai raka su ganin likita, da gidajen marayu masu mota ba direba, da matasan direbobin motar ɗaukar marasa lafiya da ke buƙatar wanda zai nuna musu cewa sauri daban, ganganci daban. Ka je reshen Red Cross ko Red Crescent mafi kusa da kai, ko wata ƙungiyar da ka ga aikinta da idonka, ka gaya musu abin da ka iya da ranakun da kake da su. Ka faɗa musu tun ranar farko, ba tare da jin nauyi ba, cewa lokacinka da ƙwarewarka ka kawo, kuɗin mai da kuɗin motar zuwa da komawa kuwa nasu ne, domin ƙungiyoyin da suka san aikinsu suna mayar wa masu sa kai abin da suka kashe. Kafin ka karɓi makullin kowace mota, ka je a auna maka ido da hawan jini da sukari, ka tabbatar lasisinka bai ƙare ba, ka kuma tambaye su ko inshorar motar ta haɗa da direban sa kai. Idan likita ya ce tuƙin dare ya wuce ka, ka tsaya a na rana, ko ka koma kujerar gefe kana koya wa wanda ke riƙe da sitiyari.